Ƙullutun da Bai Shiga Littafi Ba

Na dawo gida Talata Mafara a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, bayan na daɗe ina yawo. Na zauna a Kartum, na yi ƙaramin ciniki a Abijan, na yi Yamai, na yi Kumasi. Ban tara dukiya ba, harsuna na tara: Larabci, Faransanci da Turanci, ga Fillancin da na koya a wajen kakata. Turawan da ke aikin madatsa suna neman wanda zai tsaya tsakaninsu da leburori, sai na zama tafinta. Na ji daɗin shekarun nan. Ina kwana a gidanmu, ina cin tuwon dawa, ranar Talata in shiga kasuwa in gaisa da mutanen da na bari samari na tarar da su da furfura.

Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a Birnin Tudu, wajen Bakura. Duk Jumma'a nake hawa babur in je gaishe ta. Wata rana na ga tana yawan gyara mayafi a ƙirjinta, na tambaya ta ce ba komai. Matata ce ta gaya mini daga baya cewa akwai ƙullutu a nononta na dama, mai tauri, ba ya ciwo, kuma ungozomar garin ta taɓa shi ta ce ciwon daji ne.

A wajenmu a lokacin abu ɗaya kowa ya sani game da ciwon daji: ba a sa masa ƙarfe. Ba allura, ba aska. An ce da ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Saboda haka mai daji ba ya zuwa asibiti. Yana zama a ɗaki da saƙe-saƙi da rubutun sha, yana jira.

Na ce da ita, "Yaya, a Kartum an cire wa matar maigidana irin wannan. Na baro ta tana dafa mana abinci."

Ta ce, "Balarabiya ce, jikinsu daban. Kai dai ka sha ruwan ƙasashe, komi ka gani sai ka ce a yi mani. In ka kai maganag ga wurin Turawanka ko wani mai biro, ban yahe ba."

Na san Yaya. Idan ta faɗi haka, ta gama.

Bayan kaka sai ga wani jami'in lafiya daga Sakkwato, wadda ita ce hedikwatar jiharmu a lokacin. Mutum ne siriri mai haƙuri, ba ya ɗaga murya. Ya ce gwamnati tana son ta tsara yadda za a tunkari ciwon daji a faɗin jiha, amma abin da ke hannu ba zai ishi kowace gunduma ba. Abin da za a iya bayarwa shi ne mota mai kai marasa lafiya babban asibiti a Zariya, inda ake yin aikin, da ma'aikaciyar jinya mace da za ta riƙa duba mata. Yankin da aka fi samun masu cutar, can za a kai su. Ya roƙi Turawan madatsa su ba shi aro na don na san ƙauyuka.

Mun fara da ɗakunan shan magani na Mafara da Bakura da Maradun. Ya buɗe littattafansu shafi bayan shafi. Zazzaɓi, gudawa, fitsarin jini, saran maciji. Daji ko ɗaya babu. Sai muka shiga ƙauyuka cikin motarsa, da babban littafi a hammatarsa. A Tsibiri dattawa suka shimfiɗa mana tabarma, aka yi gaisuwa har aka tambayi lafiyar dabbobi. Da ya tambaye su ko akwai mai kumburin da ya ƙi warkewa, sai suka ce lafiya lau, Allah Ya tsare su. Haka aka yi mana ko'ina.

Sai a rana ta uku na gane abin da ya kamata in gane tun farko. Motarsa irin ta masu awon gona ce, littafin ma irin nasu. A shekarun nan duk wanda ya sauko daga irin wannan mota ya tambayi mutum abin da yake da shi, ya rubuta, to ba a daɗewa gonar take shiga ƙarƙashin ruwa ko a ratsa ta da magudana. Mutane sun koyi cewa idan mai littafi ya yi tambaya, amsar ita ce babu. A Abijan na ga mutane suna layi don a rubuta sunansu, domin a can rubutu yana kawo kati da magani. Mu a nan rubutu ya kawo mana awo.

Muna komawa ya ce, "Malam, zan rubuta cewa yankinku ba ya bukata. Ai abin godiya ne."

Muka wuce gada. Ga Yaya a raina, ga kashedinta. Can na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana ɗaya. Ka bar mota, ka bar littafi da biro, ka hau bayan babur ɗina ranar kasuwar Bakura. Kanka ma yana son aski."

Wanzamin da na kai shi wurinsa shi ne Sarkin Askan Birnin Tudu, mijin ungozomar da ta duba Yaya. Mun same shi a gindin durumi, zabirarsa a buɗe. Jami'in ya cire hula ya zauna.

Sarkin Aska ya shafa kan ya ce, "Wanga kai na birni ne, sabulu ya lalata shi. Ka zauna daidai, Malam, kar ka bar kunne nan."

Ana cikin aski na ce, "Sarkin Aska, bana akwai waɗanda ka ƙi yi wa tsaga?"

"Akwai mana. Kumburin da ke gudu ƙarƙashin yatsa, mai zahi, wanga nawa ne, in tsaga shi ya zubar ya warke. Amma wanda yat tsaya kamar tsakuwa, ba zahi, ban taɓa shi. Ubana ya taɓa ɗaya, ban manta abin da yab biyo baya ba."

Sai ya shiga ambaton garuruwa, ba sunan mutum, yana naɗe yatsu. Wani dattijo a wuya, wani a ƙafa. Ya ƙare hannu ɗaya ya koma ɗayan, aska a tsakanin haƙora. Ya ce na mata kuwa sai a tambayi uwargidansa, ta fi shi yawa. Na ga jami'in yana laluben aljihu inda biro yake zama, bai same shi ba.

Ya ce, "Sarkin Aska, ai likita ma da yatsa yake fara rarrabewa kamar yadda ka yi. Idan an kawo mota, za ka tura su?"

"In tura mutum a yanka shi ban ga aikin mai yankan ba? Ni kaina sai da anka ga kaciyar da niy yi kana anka fara kawo mani ɗiyan mutane."

A Mafara akwai wata mata Kirista daga kudancin Zariya, matar wani malamin makaranta, tana ɗinki kusa da tasha. An yi mata aikin cire dajin nono shekaru da suka wuce, kuma ba ta ɓoyewa. Na je na gaya mata bukatarmu. Ta yi dariya ta ce, "Su zo su gani, ɗan'uwa. Ai ba abin kunya ba ne, rai na samu."

Talatar da ta biyo baya, ungozoma ta zo, ta kuma taho da Yaya. Yadda ta shawo kanta ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Suka shiga ɗakin mai ɗinkin tare da matata aka rufe ƙofa, ni ina zaune a benci a waje. Matata ta ba ni labari daga baya. Ungozoma ta bi tabon da yatsa daga farko har ƙarshe, ta danna gefensa, ta duba hammata. Ta tambaye ta ko tana daka, ko tana ɗaukar ruwa. Yaya kuwa tambaya ɗaya ta yi: lokacin da aka kwantar da ita, wa ya riƙe mata zane? Matar ta ce mata ne suka kewaye ta har ta farka.

Ungozoma ta ce, "Wanga ba tsaga ba ce. Sun cire shi duka, ba su bar mashi wurin zama ba. Zan gaya wa maigida."

Da suka fito Yaya ta tsaya a kaina.

"Kai ɗan yawo, motar taku yaushe za ta zo?"

"Sai an rubuta akwai masu bukata, Yaya."

"To a rubuta ni. Amma ka hwaɗa mashi, gonar mijina ba ta da ciwon komi."

Jami'in ya ƙara mako biyu a yankinmu. Ya zauna da wanzamai da ungozomomi na gundumomin uku, a ƙafa yake zuwa, da 'yar takarda a aljihu. Abin da ya kai Sakkwato ya bambanta da abin da ya yi niyyar kaiwa. An ba mu motar da ma'aikaciyar, sai dai takardar gwamnati ba ta sauri, sai bayan damina suka iso, kuma motar wani lokaci takan kwana biyu tana jiran mai. Duk da haka ta yi aiki. Na sha ganinta a hanyar Gusau da mutanen da na sani a ciki.

Yaya ba ta jira ta ba. Ungozoma ta ce ƙullutun yana ƙara girma, don haka muka hau motar haya ni da ita da matata, muka bi ta Gusau da Funtuwa har asibitin Zariya. Likitan ya ce mun zo abin bai yi nisa ba. Ta yi makonni a can tana kushe furar Zariya, ta ce ruwa ce aka nuna wa gero. Ta dawo da ƙafarta.

Ta rayu har ta aurar da jikokinta. Da tsufa ya fara kama ni, jiri yana ɗibata in na miƙe, ita ce ta aiko a gaya mini in ban je an auna jinina ba kafin Jumma'a, kar in zo gaishe ta. Na je.