Allurar da Muka Ɗage Saboda Gyaɗa

Ba zan manta da safiyar da likita a Kano ya ce allurar Baba ta daina aiki ba. Shekara biyu ana yi masa ita duk bayan wata uku, saboda ciwon daji na ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ya riga ya kai ƙashi. Da sinadarin mazantaka ciwon yake rayuwa, allurar kuwa hana shi wannan abincin take yi.

Ni kuwa na san abin da na yi. A kakar da ta wuce ni na ɗage allurar mako uku saboda cirar gyaɗa a gonarmu ta Kademi. Baba ya ce a gama tukuna, ni kuma ban yi musu ba.

Na faɗa wa likitan, kaina a sunkuye. Ya ce jinkiri ba shi da kyau, amma ko an kiyaye lokaci, ciwon yakan kai nan. Sai ya juya ga Baba.

"Baba, kowace ƙwayar jiki tana da littafinta. Wani lokaci rubutun yana nan yadda yake. Shafukan da ke rufe ne ake buɗewa, a rufe na buɗe, sai ciwon ya koyi rayuwa da ɗan abincin da ya rage."

Na zaci Baba zai tambayi kwana nawa suka rage masa. Sai ya gyara zama.

"To ɗana, wa ke buɗe shafin?"

"Wasu 'yan alamomi ne da ke manne da rubutun. Abin da ke motsa su, har yanzu ana bincike."

"Ashe ku ma da sauranku," in ji Baba yana dariya.

A motar Gaya, muna komawa gida, Baba bai ambaci gyaɗa ba, bai taɓa ambata ba har ya rasu. Abu ɗaya ya dame shi: shafin da aka buɗe, ana iya mayar da shi? "Rubuta, mu tambayi yaron nan in mun koma." Na rubuta a bayan katin asibiti.

Ranar na koyi cewa wanda ya tsaya neman mai laifi ba ya jin bayani, don rabin abin da likitan ya faɗa daga bakin Baba na sake jin sa. Allah Ya ɗauke shi kafin ranar komawa. Katin yana wurina, kuma har yau ban kai tambayar ba.