Abincin Makiyayi na Nasiru

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen watan Janairu, shekarar da nake aji biyar a firamare. Motar makaranta ta sauke ni a bakin rukunin gidajenmu da ke gabashin garin Greensboro a Amurka, na hau bene da gudu saboda sanyi, na cire takalma na wanke hannu da sabulu kamar yadda aka kafa mana doka. Da na leƙa falo sai na tarar da Inna durƙushe a gaban kujera, riƙe da cokalin kunun gyaɗa, tana roƙon ƙanena Nasiru ya buɗe baki. Shekararsa shida a lokacin. Yana kwance cikin bargo, kansa ba gashi ko ɗaya, leɓɓansa a tsattsage, ya juya fuska ya ba ta ƙeya. Inna, wadda kallo ɗaya takan yi mana mu nutsu, ita ce ke kiransa da sunayen lallashi, tana yi masa alkawarin keke, tana haɗa shi da Allah. Kunun ya huce a cokali ta mayar, ta sake ɗebo mai ɗumi, shi ma ya huce.

Tun da kaka likitoci suka gano ciwon daji a jininsa. Kafin nan Nasiru ne ya fi kowa ɗaukar magana a cikin yaran rukuninmu. Da shi muke ɓuya a tsakanin motoci, mu tsinci busassun 'ya'yan itatuwan bayan gida mu yi ta jifan juna da su har magariba, idan Inna ta leƙo ta taga ta kira shi da Hausa ya amsa mata da Turanci. Da aka fara kai shi wani asibiti a Winston-Salem ana ɗura masa magani ta jijiya, sai duk wannan ya tsaya. Aka cire shi daga makaranta, aka hana ƙawayena shigowa, aikina na kullum ya zama goge hannun ƙofofi da wanke kofinsa daban da ruwan zafi. Maganin ya fasa masa baki, miki ya fito a harshe da dasashi har cikin maƙogwaro, ko ruwa ya haɗiya sai ya runtse ido. Matan Nijar da ke garin ba su bar mu ba. Kullum sai wata ta aiko da kula: tuwon shinkafa mai laushi, farfesun kaza, fura da aka dama da nonon kanti. Yadda kulolin suka zo haka suke zama, sai dai mu mu ci.

A makon nan ne likitarsa ta kira waya Baba ba ya gida, don haka ni na fassara wa Inna. Ta ce nauyinsa ya ragu fiye da kima. Ranar Litinin za a sake auna shi, idan ya ƙara raguwa za a kwantar da shi a zura masa bututu ta hanci don a riƙa ba shi abinci, kuma wataƙila a ɗaga maganin sai ya yi ƙarfi. Nasiru ya ji komai, don ya fi Inna jin Turanci. Ya taɓa ganin wani yaro da bututun a asibiti, ya ce shi ko za a yanka shi ba zai yarda ba. Inna kuwa ba bututun ne ya fi tayar mata da hankali ba. A ƙauyensu na bayan Dakoro ta yi jinyar mutane da yawa, ta kuma san abin da ake nufi idan mara lafiya ya juya wa abinci baya. Ba ta faɗa ba, amma na gani a yadda take tsayawa a kansa in yana barci.

Da yammacin Larabar, bayan Inna ta gaji ta shiga kicin, na zauna kusa da shi na tambaye shi ko akwai wani abu a duniya da yake jin zai iya ci. Sai ya ce da muryar da da kyar ake ji, “Yaya, shepherd's pie.” Abinci ne da ake rabawa a makarantarmu wasu ranaku, nama a ƙasa, markaɗaɗɗen dankalin turawa a sama. Ni da shi ba wanda ya taɓa ɗanɗanawa, domin daga gida ake ƙunsa mana abinci saboda ba mu san wanda ya yanka namansu ba. Ƙamshinsa kawai ya taɓa ji a farantin abokinsa. Na ruga na gaya wa Inna. Ta sa na maimaita sunan, ta ce “shefad fai” sau da dama don kada ya kuɓuce mata. Da na ce ma'anarsa abincin makiyayi, sai ta ce mahaifinta ya yi kiwo duk rayuwarsa bai taɓa ganin irinsa ba, amma ko na aljannu ne za ta dafa.

Washegari ta gwada da abin da na iya kwatanta mata. Ta soya niƙaƙƙen naman sa da tumatir da tattasai, ta yayyafa yaji ɗan kaɗan, don a wurinta abinci ba yaji ba abinci ba ne. Dankalin, wanda take kira kwambitar irin na mutanen Nijar, ta tuƙa shi da muciya kamar tuwo har ya yi danƙo. Nasiru ya tashi zaune da kansa, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Yana ɗora cokali a harshe ya fasa kuka, ya tofar, jini-jini a yawun. Inna ta ɗauke farantin, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Ta daɗe a ciki, ruwa na ta zuba. Ran nan na kwanta ina jin ni na jawo, tun da ni na kwatanta.

Da safiyar Asabar Inna ta sa hijabi ta ce in raka ta ƙasa. A ƙarƙashinmu akwai Anti Rifkatu, mutuniyar Jos, Kirista, wadda ke aiki a kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi. Shekaru suna gaisawa a bakin bene, amma Inna ba ta taɓa taka ɗakinta ba. Mun same ta ta ci ado za ta coci koyon waƙa. Inna ta fara gaisuwa, ba ta kai ƙarshe ba muryarta ta karye, ta shiga zayyana mata halin da Nasiru ke ciki da abincin da ya nema. Anti Rifkatu ta saurara har ta gama, ta ajiye jakarta a kan kujera.

“Hajiya, ai tsofaffi marasa haƙori nake dafa wa shi duk mako,” in ji ta. “Ki daina kuka. A nemo mini naman tunkiya, sauran na gidana.”

Baba bai daɗe da dawowa daga aikin dare a sito ba, ko takalmi bai cire ba. Jin haka ya juya ya ɗauki wuƙarsa, ya tuƙa har wata gona da ke gaba da McLeansville inda ake sayar wa mutanenmu dabbobi, ya yanka ɗan rago da hannunsa cikin wannan sanyi. Da azahar ya dawo idanunsa jawur, da cinya guda da aka niƙa masa a shagon mahauci.

Abin da aka fara yi shi ne kwashe tukwane da faranta daga cikin oven, wato murhun gashi, domin tun da muka shiga gidan Inna ba ta taɓa kunna shi ba, ma'ajiya ta mai da shi. Anti Rifkatu ta narkar da bota, man shanun kanti, ta zuba albasa a wuta ƙasa-ƙasa har ta yi laushi ba ta soyu ba, ta sa naman, ta barbaɗa fulawa kaɗan, ta zuba romon ƙashi. Ni aka ba ni karas in kankare, aka dafa shi har yana narkewa a yatsa. Ba tumatir, ba tattasai, gishiri ma ɗan taɓawa. Hannun Inna sai kai wa kwalbar yaji yake ba da saninta ba, har Anti ta ɗauke kwalbar ta ɗora a saman firiji. Da aka zo kan dankali ta karɓe muciyar, ta ce wannan ba tuwo ba ne, ba a tuƙa shi, dannawa ake a hankali da madara mai ɗumi da bota. Aka shimfiɗa shi a kan naman, ta ba ni cokali mai yatsu na ja layuka a sama. Inna ta tsuguna a gaban gilashin oven tana motsa baki da addu'a har saman ya fara ja.

Anti ta ce a bar shi ya huce sosai, zafi zai ƙona mikin. Kafin ta sauka ta ja Inna da Baba gefe ta ce a ci tare, kowa ya zuba nasa, a yi hira. “Kada wanda ya ce masa ci, kuma kada wanda ya dube shi.”

Bayan magariba muka shimfiɗa leda a falo. Baba, wanda bai taɓa cin abinci da mu a wuri ɗaya ba, ya zauna ya naɗe ƙafa, ya riƙa cin wannan abu mai lami yana ba mu labarin yadda ragon ya kusa tunkuɗe shi. Inna ta sunkuyar da kai a kan farantinta. Ni kuwa na gano cewa ina iya ganin Nasiru a baƙin gilashin talabijin ba tare da na juya ba. Na ga ya jawo farantin. Na ga ya lakaci dankalin da bakin cokali ya riƙe a baki yana jiran zafi. Ya haɗiye. Ya sake lakata, can kuma ya nutsa cokalin har ƙasa inda naman yake. Labarin Baba ya ƙare ya sake faro shi daga farko. Hawayen Inna na ɗiga a cikin abincinta, amma ba ta ɗago ba. Nasiru bai ci ko rabi ba. Ya ture farantin ya ce na makaranta yankan murabba'i ake yi masa, amma wannan ma ba laifi, a ajiye masa sauran. Muka zauna muna jiran amai, bai zo ba.

Ranar Litinin nauyinsa bai ƙaru ba, amma bai ragu ba, sai likitar ta ƙara mana mako guda. Haka muka riƙa tafiya mako bayan mako, muna cin shefad fai har sanyi ya wuce. Da bazara jikinsa ya sake rikicewa, sai da aka saka bututun dai na ɗan lokaci, amma a lokacin ya riga ya yi ƙarfin da zai iya ɗaukar maganin har ƙarshe.

Yau Nasiru ƙato ne, yana aiki a Charlotte, ba ya cin abinci sai ya cika shi da yaji, kuma ya ce kaɗan yake tunawa daga wannan shekara. Baba da Inna sun koma Maradi, Anti Rifkatu ta bi 'yarta wata jiha, sai gaisuwar waya jifa-jifa. Nakan dafa abincin a gidana da ke Pleasant Garden idan sanyi ya shigo, yarana su ɗebi nasu kowa ya shige ɗakinsa, su bar rabi a faranti ba wanda ya damu. Na gode wa Allah da ba su san ana iya cin abinci cikin fargaba ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hunturu ba, amma ban sake ganin gidanmu a haɗe kamar lokacin ba.