Edith da Jerin Yaran Rigakafi

Edith Kantiok 'yar Zonkwa ce, amma a Kakuri ta fara aiki, tana buga tafireta a ofishin wata masaƙa. Bayan soja sun miƙa mulki da shekara biyu aka fara sallamar ma'aikata. Ba ta jira tata takardar ba. Ta shiga ajin kwamfuta a unguwar Television, daga nan ta samu aiki a wani ƙaramin asibitin mata da yara a Barnawa. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya, ko shayi a tsaye take sha.

Wani kamfanin Legas ne ya gina wa asibitin rumbun bayanai a kwamfuta, manyan tebura cike da sunaye da ranaku, kowane irin bayani da gurbinsa. Masu jinya ba su da lokacin tonon wannan, sai Edith ta haɗa musu abin da take kira tagogi. Kowace taga tana jawo abin da ake buƙata kawai: wannan ta masu awon ciki, waccan ta yaran da lokacin allurarsu ya yi.

Wata Talata, ranar rigakafi, Sista Hajara mai kula da ɗakin yara ta leƙo ofishinta.

"Anti Edith, jerin yara ya fito fayau, ko suna ɗaya babu. Ga iyaye sun cika benci."

Edith ta duba. Ashe ranar Asabar injiniyan kamfanin, Benson, ya zo ya sabunta rumbun. Ya raba gurbin suna gida biyu, ya sauya wa gurbin ranar haihuwa suna. Tagoginta goma sha ɗaya suna ta neman guraben da babu su.

Ta kira shi tana kai da komowa a baranda. "Oga Benson, ka sauya tsari ba ka faɗa mini ba?"

"Madam, kowane asibiti haka muka yi masa."

A ranar, da katunan hannu aka yi aiki har la'asar. Wata mata daga Mahuta ta gaji da jira, ta goya jaririnta ta tafi ba a yi masa allura ba. Edith ta bi ta har bakin titi, ta tarar keken hayar da matar ta hau ya riga ya ja.

Kwana uku ta yi tana sake gina tagogin. Ta sa taga guda ɗaya tsakanin rumbun da sauran, mai sunayen da ba sa canzawa, duk tagogin suka koma ɗauka daga gare ta. In kamfani ya sake taɓa tsari, wuri ɗaya za ta gyara. Kowace Litinin kuma sai ta buga sunayen guraben a takarda ta gwada da na makon jiya.

Sau huɗu kamfanin ya sake sauya tsari a shekarun da suka biyo baya, kuma duk ta gano kafin a buɗe ƙofa. Da aikin ya lafa sai ta fara ƙosawa. Ta koya wa Sista Hajara gwajin Litinin, ta koma wani asibiti a Tudun Wada inda har lokacin komai a kati yake.