Ranar da Hannuna Ya Maƙale a Akurki

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Auyo, na tsiri wata ɗabi'a da har yau nake jin kunyarta. A waya na ga mutane suna rungumar kaji suna shafa su kamar kyanwa, ni ma na ce sai na yi. Cikin kajin mahaifiyata akwai wata wake-wake, ita na sa wa ido. Kullum na dawo daga makaranta sai na bi ta da gudu, na ritsa ta a bayan rumbu, na cafke. Da ta zo hannu sai ta yi lakwas, ko motsi ba ta yi, ƙirjinta na bugawa dar-dar a tafina. Ni kuwa baki har kunne.

"Inna, kin ga ta saba da ni? Har daɗi take ji."

Mahaifiyata ta harare ni. "Wane daɗi? Tsoro ne ya kashe mata jiki. Ƙato da kai ka faɗo mata ta sama kamar shaho, me kake so ta yi?"

Na yi dariya, a raina na ce tsofaffi ba su san zamani ba.

A daminar shekarar kogi ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa, ya yanke hanya, mai zuwa Haɗeja sai ya shiga kwalekwale sannan ya nemi babur. Idan ruwa ya yi haka, duk abin da ke cikin rami gida yake nufowa.

Wata safiya na leƙa akurkinmu na laka, na hango kazar a kwance kan ƙwai. Da ma mai kwanci ko kusa da ita ka zo sai ta bushe gashi ta kai sara. Ran nan shiru, ta ƙame, ido a buɗe. Sakarai da ni, na ce yau ma jirana take. Na durƙusa, na zura hannu har gwiwar hannu, na ɗora a bayanta.

Sai na ji wani abu mai sanyi, mai nauyi, yana hawa wuyan hannuna.

Muryar mahaifiyata ta zo daga bayana, ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji a bakinta ba. "Kada ka zare hannun. Kada ka leƙa. Kumurci ne, ga wutsiyarsa ta ramin baya. Rufe idonka, tsartuwa yake yi."

Innalillahi! Na runtse ido. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Babu abin da nake lissafawa sai nisan asibiti: wa zai nemo mai kwalekwale, wa zai samo babur, da sauran raina ko babu? Na so na yi salati da ƙarfi, harshe ya ƙi. Ita kuwa tana ta maimaitawa a hankali, "Yi shiru. Bar shi ya wuce. Allah na nan."

Macijin ya bi ta kan hannuna yana ja, yana ja, kamar ba shi da ƙarshe. A ƙarƙashin tafina kuma ƙirjin kazar yana bugawa dar-dar-dar. Na san bugun nan. Shi ne wanda nake ji kullum idan na rungume ta, wanda nake kira daɗi.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji nauyin ya sauka, sannan mahaifiyata ta ce, "Ya fita, ya bi ruwa." Na zaro hannu na zube a ƙasa, na kasa tashi. Ta duba hannun gaba da baya, babu sara, sai a lokacin ta fashe da kuka. Da ta share hawaye ta dube ni ta ce, "Na ga ka kwanta lakwas. Daɗi ka ji?"



Bayan ruwa ya janye ta koya mini yadda take yi da su. Ba a bin kaza, ba a zo mata ta sama. Zama za ka yi a ƙasa, ka zuba tsaki kusa da ƙafarka, gobe a tafin hannunka, ka kau da kai. Wadda ta ga dama ta zo. Sauran kajin mako biyu suka yi suka fara ci a hannuna. Wake-waken nan kuwa sai da ta kusa wata uku tana kewaye ni daga nesa, kuma ban ga laifinta ba.

Har yau ba na sa hannu a akurki sai na haska. Kuma idan na ga wani abu mai rai ya yi shiru a hannun wanda ya fi ƙarfinsa, gabana faɗuwa yake yi. Ranar da kazar nan ta matso da kanta ta tsinci tsaki a tafina, bayanta na nan dab da yatsuna. Ban taɓa ta ba.