Rumbu Biyu a Kwamfutar Yaya

Karatuna bai wuce sakandare ba. Python ɗin da na iya ma, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, a waya na tsince shi, ina zaune a shagona na buga takardu a Kazaure, duk lokacin da ciniki ya ɗauke. Abu na farko mai amfani da na rubuta shi ne ɗan ƙunshin umarni da ke matse hoton fasfo. Shafukan rajista ba sa karɓar hoto mai nauyi, nawa kuwa yana rage nauyin ba tare da fuskar mutum ta dagule ba. Masu sana'ar suna ce wa irin wannan ƙunshi modul. Sau ɗaya ake girka shi a kwamfuta, daga nan duk shirin kwamfuta da ka rubuta sai ya kira shi da suna ya zo ya yi aiki. Na sa masa suna matsi, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Yayana yana Roni. Da ciwon baya ya raba shi da gona, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗalibi, ya kama shago kusa da tasha. Ana fara rajistar manoma ta taki, ya bi majalisa-majalisa yana gaya wa mutane ba sai sun hau babur zuwa Kazaure ba, ƙaninsa ya ƙera abin da zai gama musu a gida. Na je na girka masa yadda na saba yi a tawa: na lalubo foldar da Python ke ajiye kayansa, wadda nake kira rumbu, na zuba matsi a ciki da hannuna. Kafin in gwada aka ɗauke wuta. Na ce ai ba sai an gwada ba, na hau babur na koma.

Ranar kasuwa da hantsi ya kira ni. Ya karanto mini abin da allon ya rubuta, harafi bayan harafi, ma'anarsa dai babu wani modul mai suna matsi.

Na ce, "A tawa fa yana yi. Yaya, ka dai taɓa wani abu."

Ya ce bencinsa ya cika, har da waɗanda suka taso daga ruga, idan azahar ta yi abin bai tashi ba zai ba su haƙuri, ya sayar da kwamfutar ya huta. "Da bakina na tara su," in ji shi, ya kashe wayar.

Na hau babur na isa Roni, na tarar da mutane har ƙofa. Wani dattijo Bafulatani da malafarsa a gwiwa ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ni ne injiniyan, don shi ya zaci zai ga mai furfura. Aka yi dariya. Na buɗe rumbun, ga matsi kwance inda na bar shi. Na nuna wa Yaya da yatsa, har da ɗaga gira. Na danna shirin, ya ce babu. Na sake zubawa, na sake dannawa, babu.

Da dabara ta ƙare mini, sai na daina gardama da na'ura. Na rubuta layi biyu, na ce Python ya faɗa mini da kansa wuraren da yake dubawa idan an kira modul. Ya jero su. Foldar da na zuba kayana ba ta ciki. Ashe ɗalibin nan Python biyu ya girka, tsoho da sabo, kowa da rumbunsa. Ni na zuba a na tsohon, wanda ke tashi idan Yaya ya danna kuwa sabon ne. Hatsina na kai rumbun maƙwabci, na dawo ina zargin mai gida.

Wannan karon ban zuba da hannu ba. Na rubuta ɗan fayil mai bayyana sunan ƙunshin da abin da yake buƙata, aikin da ganda ta hana ni yi tun farko. Na jona kwamfutar da datar wayata, na umarci sabon Python ɗin ya kira pip, wato magirkinsa, ya ajiye matsi inda shi ya san zai same shi. Rubutu ya gudu a allo, ya tsaya.

Hoton dattijon muka fara sakawa. Ya matsu, shafin ya karɓa. Dattijon ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce to, hancin dai nasa ne. Shago ya kaure da dariya, masu tsaye a waje suka fara turo kai. Wallahi ko ranar da na buɗe shagona ban ji daɗi irin wannan ba.

Na sunkuya kusa da kunnen Yaya na ce, "Ba kai ka taɓa ba. Ni ne. Ka yi haƙuri."

"Na sani," ya ce. "Tashi min daga kujera, Auta, mutane na jira."

Aka kira azahar yana kan hoton wani manomi daga Gwiwa, yana danna shirin da yatsa ɗaya, yana gaya wa na bayansa ya gyara hula kafin layi ya zo kansa.