Rumbun Albasata Mai Hawa Biyu

Da hannunsa mijina ya kafa rumbun albasar nan a bayan gidanmu, kan hanyar Kadawa. Na katako ne, hawa biyu, ko'ina tsaga don iska ta ratsa albasa kada ta ruɓe. Shekarar da ya rasu sai yayansa ya ce a rushe.

"Amarya, nauyin albasa ne ke riƙe da shi," in ji shi. "Kin sayar, ya zama fanko. Iskar farkon damina na zuwa za ta kifa shi kan maƙwabta."

Ya faɗi gaskiya, shi ya sa ma na ji haushi. Na ce, "Yaya, ko ƙusa ɗaya ba za a zare ba."

Mutane suka ce in jibga duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwanon rufin, yadda kowa ke yi. Wato in ƙara wa abin da zai faɗo kan jama'a nauyi! Na kira wani tsohon kafinta daga Garun Mallam. Ya tone gindin dirka guda, muka tarar danshin ruwan kanal ɗin noman rani ya cinye ta, yatsa ma yana shiga. Muka sauya dirkokin, ya zuba kankare, ya dasa ƙarfe a ciki ya ɗaure kowace da noti. Sannan ya bi ya ɗaɗɗaure rumbun da langalanga, daga rufi zuwa hawan sama, daga nan zuwa na ƙasa, har tushe. Kwana shida ina miƙa masa ƙusa, matan unguwa na leƙe ta katanga.

Ranar da hadari ya haɗo da la'asar, yayan mijina ya aiko a kwashe yara daga wajen. Ni kuwa na tattare zane na hau sama, na zauna a tsakiyar rumbun inda kowa zai gan ni. Katako ya yi ta kuka, ƙasan da nake zaune yana rawa. Kwano biyu suka tashi. Na rungume dirka ina kalmar shahada, ina kiran sunan marigayi.

Da iska ta lafa na sauko, rumbu na tsaye. Yaya na bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Amarya, ba ki ji tsoro ba?"

Na ce ko kaɗan. Ƙarya na yi masa, kuma har gobe ba zan janye ba.