Motar Baba da Ƙofar Tantabaru

Mun tashi da asuba daga Jidda, ni da ƙanena, masu shara ma ba su fito ba. Ni ce a sitiyari. Ya so ya karɓa, na ce ya zauna ya ɗaura bel. Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya na koyi karatu, daga nan na koyi tuƙi, kuma abin da na samu da wahala ba na ba da aronsa.

Maganar mota ce ta kai mu Madina. Motar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, doguwa mai faɗin ƙirji irin ta da, wadda ta yi shekaru a lulluɓe da tamfol a ƙofar gidanmu na unguwar Harra ta Gabas. Mun haɗa hannu an gyara ta a wata warsha, wato garejin gyara, a unguwar Jurf, saura lamba. Ƙanena yana son ta musamman, irin wadda ake gwanjonta a waya, mai haruffan sunansa. Ni kuwa tsohuwar lambar Baba nake so. Kada ku ce rigima ce a kan guntun ƙarfe. Ranar da sunansa ya hau motar nan ta zama tasa, Jidda za ta koma tana zuwa taron masu tsofaffin motoci, mahaifiyarmu Inna kuma ta ci gaba da tsayuwa a rana tana jiran tasi.

Hanya lafiya lau, sumul, sai manyan motocin kaya da ke tafiya kamar su suka gina ta. Da rana ta ɗaga muka tsaya a wani gidan mai muka ci ful, dafaffen wakensu, da gurasar tamis mai zafi. Shayinsu ruwa ne da aka nuna wa ganye daga nesa, amma kuɗinsa na shayin gaske ne. Na faɗa wa mai shagon haka, ya yi dariya ya ƙara min na'ana'a. Daga nan sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama, da raƙuma a bayan shingen waya suna kallonmu a wulaƙance. Ƙanena bai ga ko ɗaya ba, kansa na cikin waya yana duba haruffa.

Kafin azahar muna Jurf. Makanikin dattijo ne Bahaushen Sudan, Hausarsa a jiƙe take da Larabci. Ya yaye tamfol, na tsaya cak. An yi mata fenti, tana ta sheƙi, ta yi kyau har ta zama baƙuwa. Na tambaye shi tsohuwar lamba.

"Ya Hajja, ba lauha aka kawo ta, babu lamba a jikinta. Kuma ko kin samo, murur, 'yan sandan hanya, ba za su bar ki ki hau titi da ita ba. Tsohuwar lamba ta ado ce, kalas."

Ƙanena ya yi murmushin wanda aka yanke wa hukunci mai daɗi. "Kin ji ko, Yaya?"

Na ji. Amma jin magana daban, yarda daban. Muka bar motar, muka wuce gida.

Harra tana nan yadda na san ta: lunguna matsattsu, tsofaffin gidaje kafaɗa da kafaɗa, ƙamshin turaren wuta da na miyar kuka suna fitowa daga taga ɗaya. Yara ina gaishe su da Hausa suna amsa min da Larabci. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, sai ta shafa fuskata kafin ta kira sunana. Ƙanwarmu da ke zaune da ita ta kawo mana shinkafa da kaza da dabino sabon tsinka. Na tambayi lamba, duk suka ce ba su sani ba. Inna ce ta ce a tambayi maƙwabciyarmu 'yar Cadi, ita ba ta barin ƙarfe ya kwana a ƙasa.

Haka kuwa aka yi. Muka hau rufin gidanta, inda take kiwon tantabaru, sai ga lambar Baba an kafa ta da ƙusa ta zama ƙofar ɗakinsu. Kashin tsuntsu ya rufe ta, rubutun da ƙyar ake ganinsa. Matar ko a jikinta. Ta ce iska ce ta yar da ita, kyanwa kuma tana cinye mata 'ya'yan tantabaru, me za ta yi? Na ce gaskiyarki, na sauka na ɗauko murfin tsohuwar tukunya muka yi musanya. Ƙanena yana gefe ya toshe hanci, farar rigarsa a tattare.

Da na wanke ta na ga abin da nake nema: ɗan rami a kusurwar dama. Baba ne ya huda shi da kansa. Duk Asabar yakan kwashi matan unguwa ya kai su masallacin Ƙuba kyauta, kuma babu wadda ta iya karanta lamba a cikinsu, har da ni. Idan an fito salla motoci sun cika fili, sai mata su yi ta ɓata. Shi ne ya ɗaura jar fata a ramin nan. Mu ba lamba muke nema ba, jar fata muke nema.

Ranar Asabar da safe aka kawo motar a bayan babbar mota aka sauke a ƙofar gida. Ƙanena ya riƙo hannun Inna ya fito da ita yana ta zumuɗi. Ta shafa murfin gaba, ta shafa ƙofa, ta janye hannunta.

"Motar wa kuka aro?"

"Ummi, ta Baba ce. Gyara ta muka yi."

"Kai dai faɗi gaskiya. Ni ba na shiga motar mutane."

Ta juya za ta koma ciki. Sai na ɗora mata lambar a hannu. Na riga na zura jan ƙyalle a ramin, don ban samu fata ba. Yatsunta suka bi gefen ƙarfen har suka kai kusurwa, suka tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta gyara mayafinta, ta ce a buɗe mata gaba, nan ne wurinta, kuma a kira maƙwabciya kada a makara.

Ranar dai a motata muka je, saboda ta Baba ba ta da takardu tukuna. Amma sai da Inna ta zauna a cikinta ta yi wa mai ita addu'a. Muka bi ta titin Ƙurban, Inna ta rungume lambar a cinyarta har masallaci. Ƙanena yana kujerar baya. Da muka fito ya ce min, a hankali, lambar da murur za su bayar ma ta isa. Ya ƙara da cewa haruffan da yake so ai wani ya riga shi. Ban bincika ba. Namiji yana buƙatar ƙofar fita, na bar masa ita.

Abin da muka tsayar ke nan: lambar gwamnati ta kowa da kowa a waje, ta Baba a ciki, jingine da gilashin baya, jan ƙyallenta yana leƙowa. Mota ta zauna a Madina, makulli a hannun ƙanwarmu, Asabar ta Inna ce.

Washegari bayan la'asar muka kamo hanyar Jidda da kwalin dabino a but ɗin mota. A rabin hanya na ba shi sitiyari, don ya yi abin kirki. Mun iso gida lafiya bayan isha'i.

Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne amma ya zauna. Na sha wahala kafin na iya karanta lambar mota, ina alfahari da hakan kuma ba zan daina ba. Sai dai duk cikinmu masu karatu, babu wanda ya karanta lambar nan kamar tsohuwar da ba ta gani.